SHARHI: Ɗanyar Madara, Murar Tsuntsaye da Ma'anar Tawakkali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, Wanda Ya hore mana dabbobin ni'ima, Ya sanya mana abin sha mai daɗi a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, wataƙila wani zai yi mamakin ganin wannan shafi, wanda aka saba tattauna tauhidi da raya sunna a cikinsa, yau ya koma maganar shanu da madara. Dalili shi ne kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin tsare su, kuma akwai wata gurguwar fahimta da ke yaɗuwa a tsakaninmu da sunan addini, wadda abin da ya faru a Amurka ya isa ya tona asirinta.

A ranar 25 ga Maris, 2024, ma'aikatar noma ta Amurka ta tabbatar da cewa an samu ƙwayar cutar murar tsuntsaye, nau'in da ake kira H5N1, a jikin shanun tatsa a jihohin Teksas da Kansas. Wannan ya girgiza likitocin dabbobi, domin a da cutar tsuntsaye aka ɗauke ta, ba wanda ya sa shanu a lissafi. Saniyar da ta kamu sai ta rage cin abinci, nononta ya ragu, abin da ake tatsa kuma ya yi kauri ya yi rawaya kamar dakashi. Bincike ya nuna cewa a cikin hantsa ne ƙwayar take hayayyafa, saboda haka madarar ita ce mafi ɗauke da cutar. A wata gona a Teksas akwai kyanwoyi kimanin 24 da ake ba su ɗanyar madarar shanun da suka kamu. Fiye da rabinsu suka mutu cikin 'yan kwanaki, bayan cutar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa da idanu. A jami'ar Wiskonsin kuma an shayar da ɓeraye irin wannan madara, suka kamu.

Cutar ta bi shanun da ake ɗauka daga jiha zuwa jiha, ta kuma bi na'urorin tatsa da hannuwan ma'aikata. Kafin tsakiyar 2025 ta shiga garke fiye da 1,000 a jihohi 17, mafi yawansu a Kalifoniya, inda gwamnan jihar ya kafa dokar ta-ɓaci a watan Disamba na 2024. Zuwa farkon 2025 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙidaya mutum 70 da suka kamu, 41 daga cikinsu ta hanyar aiki da shanu. Adalci ya wajabta mu faɗa cewa galibin waɗannan ciwonsu bai yi tsanani ba, jan ido ne da ɗan zazzaɓi, sau da yawa bayan madara ta fantsamar musu a fuska. Amma wannan nau'i na H5N1 ba abin rainawa ba ne. Daga 2003 zuwa 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu rahoton mutum fiye da 900 da suka kamu da shi a ƙasashe daban-daban, kusan rabinsu kuwa sun rasu. Abin da masana suke tsoro shi ne duk lokacin da ƙwayar ta shiga jikin ɗan Adam ta samu sabuwar dama ta sauya halitta, har wata rana ta iya bi daga mutum zuwa mutum.

Ga abin lura. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada madarar da ake sayarwa a kantuna, ta tarar da ɓurɓushin ƙwayar a kusan ɗaya cikin kowane samfuri biyar. Da aka zurfafa gwaji sai aka ga gawar ƙwayar ce, ba ta da rai. Me ya kashe ta? Zafi. Hanyar da ake dangantawa ga Bafaranshen nan Louis Pasteur, wato a ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30, ita ce ta tsaya tsakanin miliyoyin mutane da wannan cuta. Sanyi kuwa ba ya kashe ta, an ga ta rayu makonni a ɗanyar madara cikin firij.

Duk da haka, akwai jama'a a can da suka mai da shan ɗanyar madara tamkar aƙida. Tun 1987 gwamnatin tarayyar Amurka ta hana safarar ɗanyar madara tsakanin jihohi domin shan mutane, amma jihohi da yawa sun halatta sayar da ita a cikin iyakokinsu. Masu wannan ra'ayi suna cewa wuta tana kashe amfanin madara, alhali abin da take ragewa kaɗan ne ƙwarai. Robert F. Kennedy ƙarami, wanda aka naɗa sakataren lafiya na ƙasar a Fabrairun 2025, ya taɓa faɗa a bainar jama'a cewa ɗanyar madara yake sha. A Nuwamban 2024 an samu ƙwayar a cikin ɗanyar madarar da wata gona a Kalifoniya ta riga ta kai kasuwa, aka janye ta, daga baya kuma aka samu kyanwoyin gida da suka mutu bayan shan ta.

To, ina ruwanmu? Ba mu ce shanunmu suna ɗauke da murar tsuntsaye ba, kuma haramun ne wani ya ɗauki wannan rubutu ya je yana ɓata sana'ar 'yan'uwanmu Fulani da shi. Sai dai cutar ba baƙuwa ba ce gare mu. A Fabrairun 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da H5N1 a nahiyar Afirka baki ɗaya, a wannan watan kuma aka same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, a 2007 ta kashe wata mata a Legas. A gidajenmu da rugagenmu kaji da zabi da shanu wuri ɗaya suke kwana, mashaya ɗaya suke sha. Ko da an ajiye batun murar tsuntsaye gefe, ɗanyar madara tana ɗauke da tsofaffin cututtukan da muke da su tabbas: tarin fuka na shanu, da bakkale mai sa saniya ɓari, wanda idan ya kama mutum sai ya yi ta fama da zazzaɓi mai zuwa yana komawa da ciwon gaɓoɓi, ana ta ba shi maganin cizon sauro ba sauƙi. Tsamin nono kuwa ba abin dogaro ba ne wajen kashe waɗannan. Iyayenmu mata da suke tafasa madara kafin su zuba mata tsami su kwantar da kindirmo, sun riga masu binciken Turai fahimtar abin, ko da ba su san sunan ƙwaya ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne shubuhar da ake sa wa rigar addini. Za ka ji ɗan'uwa yana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha madara yadda aka tatso ta, don haka tafasawa rashin tawakkali ne, wani ma ya ce koyi ne da Nasara. Abin dariya, shi kansa wannan ra'ayi nasa daga wayar hannu ya kwaso shi, daga bakin waɗancan Amurkawa da muka ambata. Ɗalibin usulu na farko ya san bambanci tsakanin abin da Annabi ya aikata bisa ibada da abin da ya aikata bisa al'adar rayuwa. Ba a taɓa umartar mu da bauta wa Allah ta hanyar barin madara ɗanya ba, kamar yadda ba a umarce mu da tafiya hajji a kan raƙumi ba. Madara halal ce babu saɓani, amma halal ɗin da aka san yana iya cutarwa, kuma kau da cutar bai wuce 'yan itatuwa biyu da tukunya ba, hukuncinsa a fili yake ga mai hankali.

Sunnar ma ai tana wancan ɓangaren. Ya inganta cewa Annabi ya hana mai dabbobi marasa lafiya ya kai su mashaya tare da lafiyayyu. Wannan shi ne ainihin abin da Amurka ta koma yi a ƙarshen Afrilun 2024, da ta wajabta gwada shanun tatsa kafin a ƙetare iyakar jiha da su, bayan cutar ta riga ta yi nisa. Haka kuma da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa Sargu, aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yi shawara da Muhajiruna da Ansaru sannan ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya nuna damuwa kan ko wannan gudun ƙaddara ne, sai Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Wane ne a cikinmu ya fi Umar tawakkali?

Nan ne ya kamata mu taɓo 'yan'uwanmu masu shagunan magungunan Musulunci, waɗanda suke sayar da nonon raƙumi ɗanye, wani lokaci gauraye da fitsarinsa. Ba mu musun hadisin mutanen Uraina, yana cikin Bukhari da Muslim. Amma a 2012 an gano cutar numfashi ta MERS a Saudiyya, raƙuma ne maɓoyarta, kuma tana kashe kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Saboda ita Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi mutane kan shan ɗanyen nonon raƙumi da fitsarinsa. Wanda ya ɗura wa marar lafiya abin da bai san lafiyar dabbar da ya fito daga gare ta ba, ya karɓi kuɗi, sannan ya fake da hadisi, to ya shirya amsar da zai bayar idan rai ya salwanta a hannunsa.

Muna kira ga limamanmu da malaman Islamiyya, musamman na makarantun matan aure, su saka wannan a cikin darasi: a tafasa madara har ta taso kafin a sha ko a kwantar da ita, a fi tsananta wa a kan yara ƙanana da masu juna biyu da tsofaffi. Mai tatsa ya wanke hannu, kada ya taɓa idonsa. Saniyar da nononta ya sauya kama, kada a sayar da shi, domin sayar da shi algus ne, kuma kada a zuba wa ɗan maraƙi ko kyanwa ɗanye. Kajin da suka mutu farat ɗaya a binne su, a sanar da likitan dabbobi, kada a yi gaggawar yanka sauran a kai kasuwa. Rassan da suke da masu wa'azin rugage su fara da su, da harshen Fulatanci in da hali, cikin girmamawa, tun kafin garkuna su tashi zuwa mashekari.