Wasiƙar Babura: Cikin da Ya Ɓata Hanya

Zuwa ga Edita,

Yau ina roƙon fili domin wata magana da ta shafi kowane magidanci.

Bara matar wani maƙwabcina ta yi ɓatan wata biyu, sai ciwo ya kama ta a gefe ɗaya na mara, da ɗan ɗigon jini. Aka ce ɓari ne, aka yi ta ba ta jiƙo har kwana uku. Ran na huɗu ta yanke jiki ta faɗi. Da ƙyar likita ya ceto ta.

Ashe cikin bai zauna a mahaifa ba, ya maƙale ne a 'yar siririyar hanyar da ƙwai ke bi. Cikin ɗari, ɗaya ko biyu haka sukan zama. Hanyar nan kuwa ba ta iya ɗaukar ɗa. Kadan ya girma sai ta fashe, jini ya riƙa zuba a ciki inda ido ba ya gani.

Malamai su sani ba sabuwar cuta ba ce, Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu a 1013, ya ambace ta. A 1883 Likita Lawson Tait na Ingila ya yi nasarar yin aikinta. A 1958 kuma Ian Donald na Gilasgo ya bayyana yadda ake duba ciki da sauti, watau abin da muke kira sikanin. Na'urar takan aika da sautin da kunne ba ya ji, ya bugi abin da ke ciki ya komo, sa'an nan ta mai da shi hoto. Idan gwaji ya nuna ciki, wajen mako 6 kuwa aka ga mahaifa wayam, likita ya san inda zai nema. In an gane da wuri, wani lokaci allura ta isa, ba sai an yanka ba.

Saboda haka, jama'ar Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa, mace in ta yi ɓatan wata ta ji ciwon mara gefe ɗaya, ko jiri, ko ciwon kafaɗa, a kai ta babban asibiti ran nan, a roƙi hoto. In sun ce a wuce Kano, kada a tsaya shawara. Kuɗin mota bai kai ran uwar 'ya'ya ba.

Allah ya sauki mata lafiya, amin.

Naku,
Akawu, Babura.