Shin Ya Kamata 'Ya'yanmu Su Karanta Labarin Bayajidda?

Akwai wata magana da ke yawo a tsakanin iyaye a ikilisiyoyinmu na Damari da kewaye, har zuwa ƙasashen Faskari da Ƙanƙara. Wasu sun hana 'ya'yansu na sakandare ɗaukar darasin Hausa, don an ce a sashen adabi ana koya musu labarin Bayajidda da macijiyar Kusugu, da Barbushe da Tsumburbura. Suna cewa, mun bar waɗannan abubuwa, don me za a mayar da yaranmu cikinsu?

Ban raina wannan tsoro ba. Yawancinmu jikokin Maguzawa ne. Ga ɗan birni, maganar iskoki da tsafi abu ne na cikin littafi. Mu kuwa akwai dattawa a cikinmu da suka ga ana yanka baƙin akuya a gindin tsamiya, suka kuma sha tsangwama ranar da suka ƙi cin naman. Duk da haka, a ganina hana yaran kuskure ne.

Masu hanawa sukan kawo 1 Timoti 4:7, inda Bulus ya gargaɗi Timoti a kan tatsuniyoyi. Amma mu karanta wasiƙar daga farkonta. Damuwar Bulus ita ce malaman ƙarya a Afisa, masu cuɗa almara da koyarwar bangaskiya a cikin ikilisiya. Shi kansa Bulus, da ya tsaya a Atina (Ayyukan Manzanni 17), maganar mawaƙan Helenawa ya ɗauko ya kafa wa'azinsa, kuma mutum ba ya kawo abin da bai sani ba. An koya wa Musa dukan hikimar Masarawa (Ayyukan Manzanni 7:22). Daniyel da abokansa sun yi shekara 3 suna koyon harshe da littattafan Kaldiyawa, waɗanda ke cike da labaran gumaka. Abincin sarki suka ƙi, daga baya abokansa uku suka ƙi sujada ga gunki. Ba mu karanta inda suka ƙi shiga aji ba.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne wannan. Sau nawa aka ce mana Bahaushe ba ya zama Kirista, wai wanda ya bi Almasihu ya fita daga Hausa? Muna musun wannan a kowane taro. To, in ɗanmu ya tashi bai san Daurama ba, bai san Korau da ya kayar da Sanau a Katsina ba, bai san Sarauniya Amina ta Zazzau ba, ashe da hannunmu mun sa wa maganarsu hatimi. Waɗannan labarai gadonmu ne kamar yadda suke gadon maƙwabcinmu Musulmi.

Ku duba labarin Bayajidda da kyau. An ce ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, ya tsaya a Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura ya kashe macijiyar da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri sarauniya. Yaro mai lura zai ga cewa baƙon ya tarar da gari, da rijiya, da sarauta a hannun mata, da maƙera masu sana'a. Wato labarin da kansa yana shaida cewa akwai mutane a ƙasar nan da tsarinsu tun kafin zuwansa. Haka ma Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908: ya ce Bagauda ya tarar da jama'a a kewayen Dala. Irin waɗannan mutanen ne kakanninmu. Yaron da aka hana wannan darasi, an hana shi hujjar da zai tsaya a kanta ranar da aka kira shi bare.

Ba na cewa a haɗiye kome. Batun Hausa Bakwai da Banza Bakwai yana da ƙaya. Labarin ya sa Gwari, da Nupe, da Yarabawa, da Kwararrafa, har da Zamfara da Kabi da Yawuri, a jerin zuriyar Karɓagari, ɗan kuyanga. A ikilisiyoyinmu muna zama a benci ɗaya da Gwari da Yarabawa, muna cin Jibin Ubangiji tare. Ya kamata ɗanmu ya iya tambaya cikin ladabi: wa ya tsara labarin nan, wa kuma ya amfana da shi? Malaman Hausa da kansu sun raba tarihi da tarihihi da tatsuniya, kuma malamin kirki yana faɗa wa ɗalibai haka. Iyakar da zan ja ita ce ta aikatawa. In an ce yaro ya yi wasan kwaikwayo yana kiran iskoki da kirarinsu, iyaye su je wurin shugaban makaranta, cikin natsuwa, su nemi a ba shi wani matsayi.

Mu tuna kuma da halin da muke ciki. Tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, kowa ya san irin asarar karatun da yaran yankin nan suka yi saboda 'yan bindiga. Hausa darasi ne da ɗanmu zai iya cin sakamako mai kyau a WAEC da NECO, don harshen da ya sha a nono ne. Ba daidai ba ne mu ƙara masa wata asarar.

Roƙona ga dattawa da Zumuntar Mata shi ne, in yaro ya dawo da labarin Tsumburbura, kada a daka masa tsawa. A zaunar da shi wurin kakansa, wanda ya san abin da ido, ya ba shi labarin yadda ake yi a da, da abin da ya sa ya bari. Malaman makarantar Lahadi kuma su ari littafin Hausa na 'yan aji uku su karanta kafin hutu mai zuwa, don su san tambayoyin da ke tafe.