Kafin Mu Jira Baƙi, Mu San Gidanmu

Na daɗe ina koyarwa a Mubi, kuma kowace shekara nakan tambayi sababbin ɗalibaina ko akwai wanda ya taɓa zuwa Sukur. Kaɗan ne suke ɗaga hannu. Wasu ma ba su taɓa jin sunan ba, alhali kuwa wurin yana cikin jiharsu. Ra'ayina shi ne, wajibi ne makarantunmu su sanar da yara wuraren tarihi da bukukuwan yankinsu tun kafin mu fara kiran baƙi daga nesa.

Sukur tana kan duwatsun Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali, arewa da Mubi, kusa da iyakar Kamaru. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya. Ita ce wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Sai a 2005 dajin Osun da ke Osogbo ya zama na biyu.

Wanda ya je Sukur zai hau dutse ta hanyar da mutanen dā suka shimfiɗa da duwatsu. A can sama zai ga fadar sarkinsu, wanda ake kira Hidi, an gina katangunta da duwatsu ba tare da siminti ba. Zai ga gonaki da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutse domin kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Zai kuma ga wuraren da a dā ake narka tama a fitar da ƙarfe, sana'ar da ta ɗaukaka sunan Sukur a zamanin dā. Mutanen garin suna da bikin Yawal, wanda suke yi domin girmama Hidi. Ɗalibin da ya ga waɗannan abubuwa da idonsa ya koyi tarihi da aikin gona da kimiyya a rana ɗaya. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Ita kanta Mubi gari ne mai labari. A farkon ƙarni na 20 tana ƙarƙashin Jamusawa, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ta koma hannun Turawan Ingila. A 1961 mutanen wannan yanki suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Nijeriya, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. A kasuwarta za ka ji Gude da Fali da Margi da Fulatanci da Hausa, kuma kowace al'umma tana da kiɗanta da rawarta da kayan adonta.

Akwai darasi a ƙasar Sifen. A birnin Granada da ke yankin Andalus akwai fadar Alhambra, wadda sarakunan Musulmi suka gina a ƙarni na 13 da na 14. Bayan faɗuwar mulkinsu a 1492, an yi wani zamani da aka yi watsi da ita har ta fara lalacewa. A ƙarni na 19 aka dawo aka shiga gyaranta. Yau fiye da mutum miliyan biyu suke ziyartarta a shekara, masu masauki da masu sayar da abinci da direbobi duk suna cin abinci daga gare ta. Baƙi sun yi ta zuwa ne domin an tsare wurin an kuma kula da shi.

Na san akwai masu cewa wannan magana ba ta dace da halin da muke ciki ba. Hujjarsu ta farko ita ce tsaro, kuma hujja ce mai ƙarfi. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, kuma a wannan shekarar aka kai wa Sukur hari aka ƙone gidaje. Babu malami mai hankali da zai kai yara wuri ba tare da izinin iyaye da shawarar jami'an tsaro ba. Amma wannan ɓarna ita ce ta nuna mana cewa abin da kakanni suka gina cikin ɗaruruwan shekaru yana iya salwanta cikin dare ɗaya. Idan tafiya ba ta yiwu ba, sai a gayyato dattawa su zo makaranta su ba da labari.

Hujja ta biyu ita ce addini. Wasu iyaye, Musulmi da Kirista, suna tsoron kada 'ya'yansu su koma ga al'adun da aka bari. Wannan tsoro yana da amsa: sanin abu daban, bauta masa daban. Yaron da ya san yadda kakansa ya narka ƙarfe bai bar addininsa ba. Ya dai ƙara girmama hikimar mutanensa da ta maƙwabtansa.

Hujja ta uku ita ce kuɗi. To, ba kome ne yake bukatar kuɗi mai yawa ba. Kowace makaranta tana iya keɓe ɗaki guda ta tara tsofaffin fartanya da tukwane da ƙorai da kayan saƙa, a rubuta sunan kowanne da harshen masu shi da kuma Hausa. Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya duk suna nan Mubi, malamansu za su iya taimakawa wajen rubuta bayanai.

Kai ɗalibi, kada ka jira sai an shirya maka tafiya. Idan ka koma gida, ka tambayi kakanka ko kakarka sunan bikin da ake yi a garinku, da lokacin da ake yin sa, da dalilinsa. Ka rubuta abin da ka ji ka kawo aji. Ranar da baƙo ya sauka a tashar Mubi yana neman wanda zai nuna masa gari, ya kamata ya tarar da kai a shirye.