Jinka ta fi allo iya koyar da lissafin mazurari

Ɗalibin sakandare yakan haddace cewa faɗin jikin siffar mazurari shi ne pai sau rabin faɗin gindi sau tsawon gangare. Amma a tambaye shi abin da zai faru idan aka ninka faɗin gindin, sai ya ce faɗin jikin ma zai ninku sau biyu. Mai ɗaura jinka a ƙauye, wanda bai taɓa jin sunan pai ba, ba zai yi wannan kuskure ba, domin shi ne ke sayen shuci.

A ɗauki kewayayyen ɗaki mai mita 2 daga tsakiya zuwa bango, jinkarsa ta tashi mita 1.5. Gangarenta daga ƙololuwa zuwa baki mita 2.5 ne, kuma za a rufe kusan murabba'in mita 16 da shuci. Idan aka ninka tsayin jinkar kaɗai ya kai mita 3, rufin zai tsaya a wajen murabba'in mita 23, bai ma kai ninki biyu ba.

Sai a bar tsayin yadda yake, a faɗaɗa ɗakin zuwa mita 4 daga tsakiya. Nan take rufin ya haura zuwa kusan 54, fiye da ninki uku. Dalili kuwa shi ne faɗin gindi yana shiga lissafin ta ƙofa biyu: yana tsawaita bakin da'irar, yana kuma tsawaita gangaren kansa. Tsayi ƙofa ɗaya kawai gare shi. Wannan ne ƙashin bayan darasin, kuma shi ne abin da hadda ke ɓoyewa.

Har yanzu da sauran rina a kaba. Jinkar da aka faɗaɗa ba a ɗaga ba takan kwanta, ruwan damina ya daina gangarowa da sauri, shuci ya jiƙe ya ruɓe. Dole magini ya ɗaga ta zuwa mita 3 don gangaren ya koma yadda yake, rufin kuma ya kai kusan 63, ninki huɗu cif. Magidancin da ya tanadi dami biyu a madadin kowane ɗaya zai tarar rabin ɗakinsa a buɗe.

Malamin da ke da rumbu ko bukka a bayan makarantarsa bai kamata ya fara da zanen allo ba. Ya fita da ɗalibai da igiyar awo, su auna, su yi hasashe, sannan a rubuta ƙa'idar.