Filin Uwargida: Mahaɗin Salak Ba Sai Na Kanti Ba

Hunturu ya kankama, kayan lambu sun fara araha, ga Kirsimeti kuma a bakin ƙofa. A watan nan za mu yi zancen salak da abin da ake zuba masa.

Dā ina tsammani salak ba ya ciwuwa sai da farin kirim ɗin nan na kwalba. Ran nan na shiga birni gaishe da wata ƙawata da muka taɓa aiki tare, a wani lungu bayan Kasuwar Kurmi. Ta kawo mini shinkafa da wake, ga salak a gefe, babu ko ɗigon kirim, amma sai da na suɗe kwano. Na ce, "Hajiya, me kika zuba wa ganyen nan?" Ta yi dariya ta ce, "Haba Maman yara, man gyaɗa ne fa da lemun tsami da ɗoɗɗoya. Kakata ma haka take yi wa lansir."

Mutanen Faransa suna da irin wannan mahaɗi, suna alfahari da shi ƙwarai. Su da man zaitun suke yi da binega, watau ruwan tsami, irin wanda Bo'aza ya ce wa Rut ta tsoma gurasarta a ciki ranar kala. Ƙa'idarsu ita ce kashi uku na mai, kashi ɗaya na tsami. Mu kuwa da muke garin da aka taɓa tara gyaɗa kamar duwatsu, ba mu da dalilin neman man wata ƙasa.

Ga abin da zai ishi gida mai mutum shida: man gyaɗa babban cokali 6, ruwan lemun tsami babban cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, tafarnuwa ƙwara ɗaya, albasa 'yar ƙarama, masoro kaɗan, garin ƙuli-ƙuli cokali 1, sa'an nan ganyen ɗoɗɗoya, da na'ana'a, da lawashin albasa. In babu lemun tsami, binega ta yi, ko tataccen ruwan tsamiya mai kauri. Masoro kuwa wurin 'yan koli na Kurmi za ki samu mai ƙarfi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kasuwar nan take ci.

Ki fara da man. Ki shinshina shi tun a kasuwa, gama man da ya kwana biyu yana da wani ɗaci wanda wuta takan ɓoye a miya, amma a salak ba shi da wurin ɓuya. In yana da gafi, ki soya shi da ɗan yankin albasa, ki bar shi ya huce sarai. Ƙuli-ƙuli ma ki saya wurin wadda kika sani, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana da dafi mai cutar da hanta, suya kuwa ba ta kashe shi.

Ki sami kwalba mai murfi wankakkiya. Ki zuba tsamin da gishirin tukuna, ki girgiza har gishirin ya narke. Nan ne mata da yawa suke kuskure: gishiri ba ya narkewa cikin mai, in kika sa mai da fari, wani zai ci lami, wani ya tauna gishiri. Ki sa albasa da tafarnuwa dakakku, ki ba su kamar minti 10 tsamin ya karya musu yaji. Sa'an nan ki zuba mai da masoro da garin ƙuli-ƙuli, ki rufe, ki girgiza da ƙarfi. Mai da ruwa ba sa ga maciji, jim kaɗan za ki ga sun rabu. Garin ƙulin yana ɗan riƙe su tare, amma duk da haka sai ki sake girgizawa kafin ki zuba.

Ganyen ƙanshi shi ne na ƙarshe. Ki tsittsinka shi da hannu, don in aka yanka aka ajiye yakan yi baƙi. Ɗoɗɗoyarmu ta fi ta Turai ƙarfi, ganye 5 ko 6 sun isa. Na taɓa cika ta, maigida ya tambaye ni ko maganin sauro na dafa.

To, yanzu ga maganar da ta fi nauyi. Kogin Jakara da ya ratsa birni ta gefen Kurmi yana kwashe ruwan kwatamin unguwanni, can gaba kuma ya haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai. Da ruwan nan masu lambu da dama suke ban ruwan latas da kabeji da karas. Ba laifinsu nake gani ba, ruwan da ke gabansu ke nan a rani. Amma ganyen da ya iso hannunki ba ya faɗa miki inda ya tsiro. Wata shekara na yi gaggawa saboda baƙi, na ɗauraye latas sau ɗaya a roba, ina cewa ai lemun tsami zai ƙarasa sauran. Kwana uku yarana biyu suna fama da ciki. Tsami da gishiri suna rage ƙwayoyin cuta, amma ba sa gamawa da su, balle ƙwan tsutsar ciki da yake manne wa ganye.

Saboda haka ki yar da ganyen waje. Sauran ki ɓare shi ɗaya ɗaya, ki wanke da ruwa mai tsabta, kina canza ruwan har sau uku. Na ƙarshe ya zama ruwan da kuke sha, tafasasshe in da hali. Karas da kokwamba ki feraye su. Kada ki yanka a katakon da kika yanka nama. Sa'an nan ki kife ganyen a kwando ya tsane sosai, gama mai ba ya kama jiƙaƙƙen ganye, sai ya zame ya taru a gindin kwano.

In kuwa aka ce amai da gudawa ya shigo gari, kamar a 2021 da Kano tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna, ki haƙura da ɗanyen ganye gaba ɗaya. Ki tafasa zogale ko rama ko kabeji, ki matse, ki zuba masa wannan mahaɗi, ki ƙara ƙuli. Kwaɗo ke nan irin na iyayenmu, kuma man yana taimakon jiki ya amfana da sinadarin da ke cikin ganye da karas, wanda idon yara yake bukata.

Kada ki zuba mahaɗin sai an zauna cin abinci, in ba haka ba latas ya yi laushi kamar tsumma. Ki haɗa na yini ɗaya kawai. Ɗanyar tafarnuwa ba ta da kyau ta daɗe cikin mai a wuri mai ɗumi. Mai firji za ta iya ajiye ragowar kwana biyu, in wuta ba ta yi halin nata ba.