Kwanciya Ba Ita Ce Jiyya Ba

A gidajenmu da yawa, daga Agege ta Ikko har Sabo ta Badun, idan hawan jini ya kayar da mutum ɓarin jikinsa ya shanye, abin da iyali suka sani na jiyya shi ne a shimfiɗe shi a ɗaki, a kai masa tuwo, a ce, "Baba, ka dai huta." Mu a wannan shafi muna ganin hutun nan shi ke ƙarasa ɓarnar da ciwo ya fara.

Dalili kuwa, gaɓar da ba a motsa ta ba sandarewa take yi, naman ƙafa ya zube, har mutum ya kasa tsayuwa ba tare da tangaɗi ba. To, ran da ya yunƙura shi kaɗai zuwa bayan gida ya faɗi, sai tsoro ya shiga, a ƙara tsare shi a gado. Haka abin yake ga masu ciwon sukari da tafin ƙafarsu ya daina ji, da tsofaffi masu ciwon gwiwa.

Likitocin gashin ƙashi sun daɗe suna bincike a kan wannan. A 2019 masanan Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 108 da aka yi da tsofaffi fiye da 23,000, suka tarar motsa jiki na rage yawan faɗuwa da kusan kashi 23 cikin ɗari, musamman atisayen da ke koya wa jiki tsayuwa daidai. Ba wani abu mai tsada ba ne: tashi daga kujera a sake zama, tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, takawa a hankali. Mai salla ma ya san rabin aikin.

Amma fa ba a yi da garaje. Wani babban gwaji da aka bayyana a 2015, mai suna AVERT, ya nuna cewa matsa wa mai shanyewar jiki da yawan tashi tun cikin awa 24 na farko yana rage masa samun sauƙi. Watau abin yana da ƙa'ida, sai da masani.

Nan ne kukanmu yake. Tun 1966 Jami'ar Badun ta fara ba da digiri a wannan fanni, amma har yau masu aikin sun taru ne a manyan asibitocin birane, wasu kuma sun tafi Turai neman abinci. Ɗan dako da ya shanye, ina zai samu kuɗin mota sau biyu a mako? Muna kira ga gwamnatocin jihohi su ɗauki likitocin gashi aiki a ƙananan asibitocin unguwa, su riƙa koya wa mai jiyya abin da zai yi wa maras lafiya a gida. Sarakunan Hausawa na kudu kuwa, su kai wannan magana gaban hukumomin lafiya na jihohin da suke zaune.