Nima Ba Rumbun Ƙuri'a Ba Ce

Duk shekarar zaɓe, 'yan siyasa kan cika Nima da Mamobi da motoci da buhunan shinkafa, da zarar an rufe akwati kuwa sai su ɗauke ƙafa. A lissafinsu, Zango ba ta haifar komai sai ƙuri'a da 'yan ƙwallo. Muna alfahari da ɗanmu Mohammed Kudus, amma ƙwallo yaro ɗaya take ɗauka, ta bar sauran a bakin titi.

Gana ta taɓa yin irin wannan mugun lissafi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Dubban fatake da leburorin gonakin koko suka tafi, shaguna suka rufe, kasuwa ta ji a jikinta. Alhali kakannin waɗannan mutane ne suka yi fataucin goro daga Salaga zuwa Kano tun kafin Turawa su shata iyaka.

A yau, a lungu guda na Nima ana jin Hausa da Twi da Ga da Zabarmanci da Faransanci. Ankara kuma ita ce mazaunin sakatariyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka tun 2020, kamfanin Google ma ya buɗe cibiyar bincike a nan a 2019. Wa ya fi dacewa da wannan kasuwa fiye da yaron da ya tashi da harsuna huɗu a baki? Abin da ya rasa kwamfuta ce da ƙwararren malamin lissafi. Ƙasar da ta bar shi yana zaman kashe wando, dukiyarta take zubarwa.

Saboda haka muna kira ga Asusun Raya Zango, wanda aka kafa a 2017: an shimfiɗa filayen ƙwallo, yanzu a gina ɗakunan kwamfuta a makarantun Islamiyya da ke ƙarƙashin hukumar ilimi tun 1987.

Ku kuma iyaye, tun 2017 aka ɗauke kuɗin sakandare, uzuri ya ƙare. Wanda ya cire 'yarsa daga aji don tallan koko da ƙosai ya sayar da gobenta a kan kuɗin cefane. Ranar da ɗan takara ya sake shigowa da shinkafa, mu tambaye shi aji nawa ya gina.